Tirelar da Baffa Ya Ƙera wa Gwaggo

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, Baffa dai ya riga mu tafiya. Ya cika wata Laraba da hantsi, a gidanmu na gado, a wani ƙauye da ke hayin kogin Challawa. Wan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar ubana, shi ya ɗora hannuna a kan sitiyari har na zama direban bas ɗin ma'aikata a wani kamfanin robobi a Sharaɗa. Ina rubuta wannan ne don na ga yadda ake saurin manta mutum, ni kuwa ba na so a manta wannan tsoho.

A zaman makokinsa na lura da wani abu. Duk wanda ya zo gaisuwa, kafin ya kai ga tabarma sai ya ja ya tsaya a ƙofar gida, ya ƙura wa wani keken guragu mai inji ido, wanda ke ajiye a gindin darbejiya. Sai ya jawo ni gefe ya rage murya.

"Ashe Gwaggonku ta zo?"

"Ta zo."

"Ta same shi da rai, ko kuwa sai bayan…?"

"Ta same shi da rai."

"Kai, alhamdu lillahi!"

Haka tsofaffin direbobi suka yi ta tambayata, haka leburorin kamfanonin fata, waɗanda tun daga nesa warin aikinsu ke yi musu sallama. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta ji amsar har ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, sai da aka tuna mata gidan rasuwa ne. Mai walda kuwa, abokin aikin Baffa, mutumin kudancin Kaduna wanda rumfarsa ke jikin ta Baffa a Sharaɗa, ya zo da matarsa da kular abinci, ya zauna a bakin tabarma yana sheshsheƙa. Can ya share fuska da hularsa ya ce, "Mun gode Allah. Baba Direba ya tafi da sanyin rai, aikinmu bai tashi a banza ba."

Ni ma abin da ke raina ke nan. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma kukan nawa haɗe yake da ajiyar zuciya. Domin shekaru muka yi, mu 'yan gidan nan, muna tsoron abu guda: kada ɗaya cikin tsofaffin nan biyu ya mutu ba su yi magana da juna ba.

Baffa ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan tirelar fata daga Challawa zuwa Ikko. Da idonsa ya fara rauni ya ajiye babbar mota, ya kama rumfa a Sharaɗa yana gyaran birki da sifirin. Amma abu ɗaya bai ajiye ba: ba ya iya ganin lodi ya wuce. Sai muna tafiya lafiya lau, ya hango mai kura ya jibge jarkokin ruwa gefe guda, sai kawai ka ga ya tsallaka titi.

"Kai, tsaya! Wa ya yi maka lodin nan? Maƙiyinka ne?"

Kafin bawan Allah ya gane me ke faruwa, Baffa ya naɗe hannun riga yana sauya wa jarkoki wuri. Mai jaki bai tsira ba, mai baro bai tsira ba. Da Keke Napep ya fara shigowa gari, ranar farko da ya shiga sai da ya tashi wani ƙaton mutum ya mayar da shi tsakiya. Mun sha jin kunya a kansa, wallahi. Faɗa gare shi, ga gardama, kuma bakinsa bai iya furta "yi haƙuri" ba. In ya ɓata maka rai, gobe za ka tarar ya gyara maka ƙyauren ɗaki ko birkin keke. To ka ɗauka ya ba ka haƙuri ke nan.

Gwaggo ƙanwarsa ce, autar ɗakinsu. Shan inna ya shanye mata ƙafafu tun tana 'yar ƙarama. Baffa ne ya yi ta goyonta, makaranta, gona, gidan biki, har ta yi wayo ta ce ya isa. Ta yi aure a wajen Bompai, ta kafa tukunyar shinkafa da wake a bakin ƙofar wani kamfani, ma'aikata suna layi a gabanta. Damtsenta kamar na maƙeri, bakinta kuwa ya fi damtsen ƙarfi. Da keken guragu mai inji take zuwa ko'ina, kuma ƙa'idarta ɗaya ce.

"Duk inda kekena ba zai je ba, ni ma ba ni zuwa. Ni ba buhun gero ba ce da za a kinkima, kuma ba na rarrafe a gaban mutane."

Matsalar ita ce keken ba ya doguwar tafiya. Injinsa ƙarami ne, ga manyan motoci a hanyar Challawa, ga rairayin hanyar ƙauye. In za a ɗora shi a mota sai an tara ƙarta, su yi ta nishi, kuma wata rana sun lanƙwasa masa ƙarfen sitiyari. Tun daga nan Gwaggo ta daina zuwa gida. Aure ya wuce ta, suna ya wuce ta. Abin ya tsaya wa Baffa a rai, sai ya ce zai ƙera mata 'yar tirela, ya riƙa ja da tsohuwar wagon ɗinsa.

Shi da mai walda suka yi ta. Tirelar kanta ba ta ba su wahala ba: akwati ne na ƙarfe a kan taya biyu, da doguwar sanda a gaba wadda ake maƙalawa a ƙugiyar mota. Wannan sandar ita Baffa yake kira hanci. Abin da ya ci musu lokaci shi ne lif. Wani faranti ne na ƙarfe mai kauri a bayan tirelar, yana sauka har ƙasa, a tura keken kansa, a juya mariƙi, sarƙa ta naɗe, ya taso daidai da ƙasan akwatin, a tura keken ciki. Mutum ɗaya ya isa. Ita kuma Gwaggo ya shimfiɗa mata katifa a bayan wagon, domin tsayin wurin daidai yake da kujerar kekenta. Ta matso, ta dafa da hannu, ta zame ciki da kanta, babu mai taɓa ta.

Ranar gwaji ina wurin. Ba mu ɗauki Gwaggo ba, aron keken kawai muka yi, muka ce za a duba masa birki. Muka ɗora, muka kama hanyar Challawa, Baffa na tuƙi, mai walda na gefensa, ni ina baya. Da farko lafiya lau. Da ya ɗan taka mota, sai na ji bayanmu ya yi wani lilo. Na waiwaya, tabɗi! Tirela rawa take, ta yi dama ta yi hagu, kowane juyi ya fi na baya faɗi, tana jan gindin motar da ita. Mai walda yana kiran sunan Ubangiji, ni ina salati. Baffa bai taka birki ba. Ya ɗauke ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari ƙam, amma duk da haka sai da tirelar ta fizge mu muka sauka titi, taya ɗaya ya faɗa kwatar da ruwan kamfanonin fata ke bi. Muka fito, ƙafafunmu cikin baƙin ruwa mai wari.

Da muka jawo tirelar waje Baffa ya zare hancin daga ƙugiya, ya sa yatsa biyu, sai ga hanci ya yi sama kamar ba ƙarfe ba.

"Kun gani? Shekara nawa ina yi wa mutane faɗan lodi, yau ga ni na yi wa ƙanwata lodin maƙiyi."

Nauyin lif ɗin ne. Ƙarfe ne mai kauri, an liƙa shi can baya da tayoyi, ya rinjayi gaba. Suka koma rumfa, suka yanke sandar da tayoyin ke jiki, suka matsar da ita baya, suka sa wurin tsayuwar keken ya dawo gaba da tayoyi, suka yi wa tayar safaya mazauni a kan hanci. Daga ranar Baffa ya kafa min doka, ya yi ta maimaita ta har na haddace kamar karatun allo.

"Kafin ka maƙala, ɗaga hancin ka ji. In ya taso da yatsa biyu, kada ka ja, rawa za ta yi. In ka sa hannu biyu kana nishi ya ƙi motsi, shi ma kada ka ja, zai danne gindin mota, gabanta ya yi sama, sitiyari ya zama ba ya jin magana. So ake ka sa hannu biyu ya taso, amma ka ji shi a kafaɗarka. Kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyin duka, shi ne rabon hanci. Kaya mai nauyi a ƙasa, a gaba da taya, a ɗaure. Faranti kuwa aikinsa ɗagawa, in ya gama a naɗe shi. Ko tsintsiya kada a ɗora masa."

Sannan ya nuna mu da yatsa, ni da mai walda. "Maganar kwatar nan kuma, kada Auta ta ji. In ta ji ba za ta hau ba."

Ta hau kuwa. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a gidanmu. Gwaggo ta dawo cikin dangi, babu bikin da ke wuce ta. Tana zaune a bayan wagon tana yi masa tsiya, wai tuƙinsa kamar na mai ɗauke da ƙwai, shi kuma yana cewa ai abin da ya ɗauko ya fi ƙwai surutu.

Sai bikin 'yarta ya zo. An kai amarya wani ƙauye gaba da namu, ranar kai gara ta yi. Kowa ya san gara ba a kai ta a ɓoye. Abin ido ce: buhunan shinkafa, gwangwanayen man gyaɗa, kwallayen alkaki da nakiya da dubulan, so ake duk wanda aka wuce ya gani, dangin miji su tare ta da guɗa. Gwaggo kuwa ta daɗe tana tara wannan gara a gindin murhu, kuma so take duniya ta shaida cewa gurguwa ta aurar da 'ya kamar kowa, ko ma fiye. Baffa ya ɗora keken, ya tafi masallaci sallar azahar. Kafin ya dawo mata sun buɗe farantin lif, ya miƙe a baya kamar tebur, sun jera kayan nan a kai reras, kwalla bisa kwalla, sun lulluɓe saman da mayafi mai ƙyalli. Gaskiya ya yi kyau. Gwaggo na zaune a bayan wagon, ƙofa a buɗe, tana kallo tana murmushi.

Baffa ya dawo da carbi a hannu. Ya tsaya, ya dubi farantin. Ya je ya zare hancin daga ƙugiya, kafin ma ya taɓa shi ya yi sama da kansa, kwallaye suka yi ƙara. Bai yi wa kowa bayani ba. Ya fizge mayafin, ya hau sauke kaya, a gaban matan unguwa kaf.

"Yaya, me kake yi haka?" in ji Gwaggo.

Baffa ya ci gaba da aikinsa. Ya jera buhuna a ƙasan akwatin, gaba da keken, ya cusa kwallaye a cikin mota, ya jawo tsohon tampol ɗinsa na zamanin jan fata ya rufe, ya ɗaure.

"Yaya, garar 'yata ce fa! Da tampol ɗin fata za ka rufe ta? Ka mayar min da kayana yadda na jera su!"

Ya juyo, ransa a ɓace, gumi na zuba. "Ko dai a tafi yadda na ɗaura, ko kowa ya taka da ƙafarsa!"

Ni da nake tsaye sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba da nufi ya faɗa ba, magana ce da direbobi ke yi wa fasinja kullum. Amma ga wa ya faɗa? Na ga fuskar Gwaggo ta sauya. Ba ta yi kuka ba, ba ta rama ba, ita da ba a cin bashin bakinta. Ta jawo ƙofar wagon ta rufe da kanta.

An kai gara lafiya. Dangin miji suka fito tarya, ba su ga komai ba sai tampol, har wata ta toshe hanci ta ce, "Gara ce wannan ko fata aka kawo mana?" Maganar ta zaga ƙauye. Da muka mayar da Gwaggo Bompai ta zame kan kekenta ta ce min, "Ka faɗa wa Baffanka, ni da tirelarsa har abada. Tunda ƙafa ake so, ba ni da ita."

Babu wanda bai sa baki ba. Limamin unguwarsu ya yi, Inna matar Baffa ta yi, 'yar da aka aurar ta zo ta durƙusa tana kuka. Gwaggo ta ce ya zo da bakinsa. Baffa ya ce shi bai yi laifi ba, rai ya ceta. Na sha ce masa, "Baffa, ku bari in gaya mata maganar kwatar nan mana, ai za ta gane." Sai ya daka min tsawa, wai in ta ji tsoro ya shige ta, ko sun shirya ba za ta ƙara hawa ba. Haushi ya ishe ni da su duka biyun. Tsofaffi biyu, kai ɗaya, taurin iri ɗaya! Salla ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Kamfanoni suka fara rufewa saboda rashin wuta, layin masu cin shinkafar Gwaggo ya ragu. Tsohon kekenta ya mutu, 'ya'yanta suka haɗa mata sabo, babba, mai rumfa. Tirela kuwa tana bayan rumfar mai walda a rufe, ni a zatona tsatsa take ci.

Ciwon Baffa ya fara da kumburin ƙafa. Aka yi ta asibiti, daga baya likita ya ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a. Muka kai shi ƙauye. Wata safiya Inna ta kira ni a wayar hannu ta ce yana nemana. Na same shi ya rame, murya ta shige ciki. Na durƙusa na ce, "Baffa, ga ni." Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki.

"Tirelar nan," ya ce, "ka je ka duba iskar tayarta."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na dubi Inna, ta gyaɗa min kai, hawaye na bin fuskarta.

Na ɗauki wagon, na biya Sharaɗa. Mai walda ya yaye rufin tirela, na yi turus: ba tsatsa, fenti sabo, ga wani akwatin ƙarfe a kan hanci wanda ban san shi ba. Na tambaya, ya ce, "Mu je dai, ni ma zan bi ka."

Muka sami Gwaggo a ƙofar gidanta tana tsince wake. Ta dubi tirelar, ta ɗauke kai.

"Shi ya aiko ka?"

"Cewa ya yi in duba iskar taya, Gwaggo."

Ta yi tsaki. Amma na ga hannunta ya tsaya a cikin waken. "Jikin ya yi tsanani ke nan?"

"Ya yi. In ba ku je yau ba, ban san gobe ba."

Ta ture waken gefe. Can ta ce, "Ko na ce zan je, wannan keken ba zai shiga ba. Don tsohon aka yi ta, wannan ya fi shi faɗi da tsawo."

"Ku bari mu gwada. In bai shiga ba, wallahi ba zan ƙara ce muku komai ba."

Don ta ƙure ni ta yarda. Ta matso bayan wagon, ta dafa, ta zame kan katifa, ta zauna tana fuskantar tirela, ta harɗe hannu. Mai walda bai nemi mariƙi ba, wani maɓalli ya danna, faranti ya sauka da kansa. Muka tura keken, ya sake dannawa, ya taso. Muka tura shi ciki. A ƙasan akwatin akwai alamu uku na farin fenti, ɗaya a gaba, biyu a baya. Tayoyin keken nan uku suka hau kansu, kowanne a tsakiyar tasa alamar, kamar an zana da keken a wurin.

Gwaggo ta leƙa. Ta sake leƙawa. "Wa ya ba shi awon kekena?"

Mai walda ya cire hula. "Mama, ba wanda ya ba shi. Da damina ne, bayan an sayo muku shi. Ya ce in raka shi Bompai. Muka laɓe a bayan wata babbar mota har kuka tashi daga kasuwa. Sai ya je inda tayoyinku suka bar sawu a taɓo, ya durƙusa, ya auna da igiya yana ƙulla ta. Ya ce wannan keken ya fi ƙarfin mariƙin hannu, sai an sa wa lif inji. Injin kuma ya ƙara nauyi a baya, dole muka sake yanke sandar tayoyi muka matsar, muka kai batir can kan hanci, shi ne akwatin nan. Da buhunan yashi muka yi ta gwadawa. Na ce masa, Baba Direba, mutumin da ya ce ba zai hau ba kake wa wannan wahala? Ya ce in yi walda in bar surutu."

Gwaggo ta ja bakin mayafi ta rufe fuska.

Kafin mu gama ɗaure keken labari ya zaga unguwa cewa Gwaggo za ta dubiya. Mata suka fito, wannan da kular kunu, wannan da rabin buhun shinkafa, wannan da jarkar mai, a kai wa mara lafiya. Ina suka nufa da su? Kan faranti mana, shi ne a buɗe, shi ne kusa da hannu. Na zare hancin na ɗaga, ya taso min ba nauyi. Ga mata a tsaye, ga Gwaggo a zaune inda ta zauna ranar gara.

"Gwaggo, kayan nan… sai an matsar da su gaba."

Ta sauke mayafin, idonta jajur. "Yi yadda ya koya maka."

Muka ratsa gari, muka bi ta Sharaɗa, muka kama hanyar Challawa. Tuƙin mai ɗauke da ƙwai na yi, ba ta yi min tsiya ba. Daidai wajen kamfanonin fata wata tankar mai ta taho a guje ta wuce mu, iskarta ta bugi tirela. Na ji ta yi lilo sau ɗaya. Na ɗauke ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari. Sai ta miƙe ta biyo mu tiryan-tiryan kamar ba a yi ba. Mai walda ya sauke numfashi, ya nuna gefen titi.

"Mama, kun ga kwatar can? A cikinta muka tsinci kanmu ranar gwajin farko, da kekenku a baya." Ya kwashe labarin duka ya faɗa mata.

"Da ranar gara an tafi yadda muka jera fa?" ta tambaya.

"Da ba a kai ko nan ba."

"Shi ne bai taɓa faɗa min ba?"

Na ce, "Ya ce in kun ji ba za ku ƙara hawa ba."

"Ji mutum!" in ji ta. "Ji taurin kai!"

Da muka isa gida muka sauke keken, ta zame kansa, ta tuƙa har ƙofar ɗakin Baffa. Ƙofar ƙarama ce, keken ba zai shiga ba. Tsakar gida cike da mutane. Na matso ina tunanin yadda za a yi, sai kawai na ga ta dafa ƙasa ta sauka. Gwaggo, wadda tunda na yi wayo ban taɓa ganin ta rarrafa a gaban kowa ba, ta ja jiki da hannuwanta ta tsallake dokin ƙofa, ta isa bakin gadonsa.

"Yaya."

Ya buɗe ido. Ya daɗe yana dubanta. "Auta. Ya hanya? Ta yi rawa?"

"Ba ta yi ba."

Ya lumshe ido kamar wanda aka sauke wa kaya. Sai ya lalubo hannunta. "Maganar nan da na yi miki ranar gara. Ta ƙafa. Ban…" Ya tsaya, ya yi ta kokawa da ita, mu duka muna jira. "Ki yi haƙuri."

Inna ta toshe baki. Ni kam a rayuwata ban taɓa jin kalmar nan daga gare shi ba.

"Na yafe, Yaya, duniya da lahira. Ni ma ka yafe min. Bayanka ne ƙafata tun ina yarinya, na manta."

"Ba ki yi min komai ba." Ya juyo da ido wajena. "Kai, ka ɗaga hancin kafin ka maƙala?"

"Na ɗaga, Baffa."

"A kafaɗa ka ji shi?"

"A kafaɗa."

Gwaggo ta fashe da dariya tana kuka, ta ce, "Ku ji shi fa, yana kwance ma lodi yake!" Ta wuni a gefensa tana ba shi kunu da cokali, suna hirar mutanen da ni ban ma san su ba. Washegari da hantsi ya cika, tana riƙe da hannunsa tana laƙƙana masa kalmar shahada.

Bayan sadakar bakwai na shirya mayar da ita Bompai. Mutanen ƙauye ba sa barin baƙo ya tafi hannu sake, balle wadda ta daɗe ba ta zo ba. Aka fito da buhun dawa, da gyaɗa, da ƙullin kuka da kuɓewa. Na shiga ciki sallama da Inna, kafin in fito 'yan uwa sun ɗora keke, sun jibge buhunan a kan faranti. Na buɗe baki zan yi magana, Gwaggo ta riga ni. Tana zaune a bayan wagon, ƙofa a buɗe.

"Ku turo min hancin nan kusa."

Aka turo. Ta sunkuya, ta sa hannu ɗaya, ya taso mata sakayau. Ta sake shi, ta ɗago ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya yi min lodin nan? Maƙiyina ne?"

Aka kwashe da dariya, mai walda kuwa ya juya baya yana goge ido. Ta sa aka sauke buhunan, aka jera su a ƙasa gaba da taya, aka ɗaure, aka naɗe faranti. Ta sake sunkuyawa, wannan karon da hannu biyu, ta ɗaga har sai da jijiyar wuyanta ta fito. Ta ajiye a hankali.

"Yanzu ya yi. Maƙala mu tafi."

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa faɗansa da gardamarsa, ya sa abin da ya ƙera wa ƙanwarsa ya yi masa nauyi a mizani. Mun isa Bompai kafin la'asar, kuma tirelar ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya.